Na zare fish amma ampili ya fizge ni: in ci gaba ko in bari?

Tambaya

Assalamu alaikum Malam. Ni ɗalibi ne a nan Damagaram, ina ɗan taɓa gyaran rediyo da caja, kuma ina koyon gita. Na samo taransfo da fitilun wani tsohon ampili a Kasuwar Dole, na ɗauko zanen ƙaramin ampili mai fitila 6V6 da 12AX7 a intanet, na fara haɗawa. Ban samu fitilar 5Y3 mai daidaita wuta ba, sai na sa diyod 1N4007 a madadinta. Da na gama ɓangaren wuta, ban sa fitilun ba tukuna, na kunna don gwaji, na kashe, na zare fish daga firiz, wato soket ɗin bango. Na je na sha ruwa na dawo, ina kai hannu zan gyara wata waya sai wani abu ya fizge ni har gwiwar hannuna ta bugi bango. Yatsana ya yi farin tabo. Tun ranar gabana faɗuwa yake in na dubi abin. Wani mai gyara a unguwarmu ya ce saurar wuta ce kawai, in riƙa dangwala turnabis ta yi tartsatsi shi ke nan. Ya kuma ce in ampilin ya yi gurnani in yanke wayar ter, wato mai haɗa shi da ƙasa. Innata ta ce ko in fitar da shi daga gidan ko ta kai shi bola. Malam, abin nan zai iya kashe ni? In ci gaba ko in bari?

Amsa

Wa alaikumus salam, ɗana. Eh, zai iya kashe ka. Tsakanin Inna da mai gyaran unguwarku Inna ce ta fi kusa da gaskiya, ko da yake ba zan ce a kai ampilin bola ba. Amma kafin maganar waya: in tun ranar kana jin zuciyarka tana bugawa ba bisa ƙa'ida ba, ko ƙirji na ciwo, ko jiri, ko kana jin hannun kamar ba naka ba, ajiye karatun nan ka tafi likita a auna bugun zuciyarka. Farin tabon nan ƙuna ce, nan wuta ta shiga.

Abin da ya same ka babu asiri a ciki. Taransfon irin wannan zanen yana ba da wajen bolt 325 a kowane gefe. Ka sa diyod, ba ka sa fitila ko ɗaya ba, wato babu mai shan wutar. Sai kondansatocin, masu ajiyar caji, suka cika har wuya: 325 sau 1.41, kusan bolt 460 ke nan. Da ka zare fish, ƙofar shigowa kaɗai ka rufe. Ta fita fa? Diyod ba ya barin wuta ta koma baya, fitilu kuma suna cikin kwali. Sai ta zauna tana jiran yatsa. Mu mutanen Damagaram bai kamata a wahala wajen fahimtar da mu wannan ba, mun san famfo ya ɗauke ba ya nufin randa babu ruwa.

Wannan magana ta "ai na cire fish" ita nake fama da ita kullum a shago, kuma ba daga bakin yara kaɗai ba. Masu furfura ma na faɗinta, masu yaran koyo a ƙarƙashinsu. Abin da ya sa ta kama zukata shi ne sau da yawa tana kama da gaskiya. Ampili mai lafiya in ka kashe shi fitilunsa suna da zafi, suna ci gaba da jan wuta kafin su huce, sai su shanye mafi yawan abin da ke cikin kondansato. Mutum ya buɗe yau ya taɓa, lafiya lau. Gobe ma haka. Sai ya mai da shi doka, har ya koya wa yaronsa. To amma wane ampili ake buɗewa? Mai lafiya yana gidan biki yana aikinsa. Wanda ke kan teburin mai gyara shi ne wanda fitilarsa ta mutu, ko wayar bolt 6.3 mai ɗumama fitilu ta tsinke, ko wani rezistans ya ƙone ya raba kondansato da ƴan uwansa, ko an kashe shi maɓallin jira yana buɗe, ko kuwa irin naka da ba a gama haɗawa ba. Abin da ya sa aka buɗe ampilin sau da yawa shi ne abin da ya hana shi zubar da wutarsa. Kondansato mai kyau da ba shi da mafita yana riƙe caji awoyi, wani lokaci har kwanaki.

Mu yi lissafi tunda kai ɗalibi ne. Kondansato mai mikrofarad 47 a kan bolt 450 yana riƙe da kusan jul 5. Na babban ampili, mikrofarad 100 a kan bolt 500, jul 12.5 ne. Jiki yana fara jin wuta daga wajen miliamper 1. A wajen 10 na wutar gida tsokar hannu ke ƙanƙamewa ka kasa saki. In ya kai gomomi ya ratsa ƙirji, zuciya na iya rikicewa ta daina tura jini. Da hunturu fata ta bushe ƙamas, tana ɗan tsare ka. Da bazara kuwa, watan Afrilu da Mayu zafi ya haura digiri 40, gumi na tsiyaya ta gwiwar hannu, ko ka idar da alwala ka zauna aiki ƙafa a jiƙe kan siminti, juriyar jiki tana iya saukowa wajen om 1000. Raba 450 da 1000, miliamper 450 ke nan a farkon taɓawa. Da ɗayan hannunka yana riƙe da shasi, wato ƙarfen jikin ampilin, ranar, daga hannu zuwa hannu wutar za ta bi, zuciya kuma a kan hanya take. In ampilin a kunne yake abin ya fi muni, don taransfo ba ya ƙarewa, yana ta turo sabuwa. Masu cewa wutar da aka daidaita da diyod irin ta batir ce ba ta kisa, batir ɗin bolt 12 suka sani. Su bar yi wa 460 fatawa.

Yanzu turnabis ɗin mai gyaranku. Na san yadda ake yi: a ɗora bakinsa kan kondansato, a jingina shi da shasi, a ji tas! a ga shuɗin tartsatsi, yara su yi dariya, maigida ya ce ta fita. Ka dubi bakin turnabis ɗin irin wannan mutumin, duk ya yi ramuka baƙaƙe kamar ɓera ya ci. Narkakken ƙarfen da ya fita daga ramukan nan wani wuri ya nufa, kuma fuskarka ce mafi kusa. Shi kansa kondansaton wannan bugun yana gajarta kwanansa. Mafi muni, ba ta fita duka ba. Zanen Fender Champ 5F1, wanda yawancin masu farawa ke kwafa, kondansato uku gare shi a layin babbar wuta: mikrofarad 16, da 8, da 8, tsakaninsu rezistans na kilo'om 10 da na 22. Dangwalawa ta ƙiftawar ido na farko take zubarwa, na baya su sake ɗura masa. In kuwa rezistans ɗin tsakani ya ƙone, na bayan ko gezau, cike suke. Ban da wannan, kondansaton ruwa yana da wata ɗabi'a: ka zubar da shi ka sake, bayan ƴan mintoci ka auna sai ka tarar wuta ta ɗan dawo daga cikin abin da ke raba faranti da faranti. Mai tartsatsi bai san da wannan ba, don bai taɓa aunawa ba.

Haka turnabis ɗin nan mai ƴar fitila a gindi da kowa ke soke wa a aljihu. Don neman wayar wuta a firiz aka yi shi, kuma ta jikinka yake cika hanyarsa. Ƙasa da wajen bolt 60 ba ya kamawa sam, in ya kama ma a hasken ranar garin nan ba ka gani sai ka kare da tafin hannu. Ba abin da zai gaya maka game da kondansato. Akwai kuma masu lasar yatsa su taɓa, wai jininsu ya saba da kuran, da mai nuna maka guru a damtse. Ba na jayayya da su kuma, na gaji. Kirci ne a yatsunsu ke ɗan kare su, ranar da suka taɓa da bayan hannu ko da ciwo a yatsa za su bambance. Allah ya hana mu jefa kanmu cikin halaka da hannuwanmu, kuma mai koya wa yaron wani wannan wasan ya sani amana ce yake ci.

Ga yadda ake yi. Miltimetir kaɗai ke da ikon cewa babu wuta, ita ma sai wadda aka rubuta bolt 600 ko 1000 a jikinta, mai wayoyin da ba su tsage ba. Ka fara gwada ta kan batir ɗin da ka san yana da caji, don mita mai tsinkakkiyar waya sifiri take nunawa, kuma wannan sifirin ya yaudari mutane. Ka haɗa abin zubar da caji: rezistans na kilo'om 22 mai wat 5, gefe ɗaya waya da maƙali mai bakin kada, ɗaya gefen tsinken awo na tsohuwar mita, duk a rufe da roba. Ka zare fish ka ajiye shi inda idonka ke gani. Ka maƙala bakin kada a shasi, ka ɗora tsinken kan ƙafar kondansato mai alamar ƙari, da hannu ɗaya, ka ƙirga goma. Ka yi wa kowane kondansato haka, ka auna kowanne da kansa har ka ga ƙasa da bolt 10. Sannan ka bar rezistans ɗin a maƙale muddin kana aiki, ka cire shi kafin ka kunna.

Tun yau kuma ka liƙa rezistans na dindindin, kilo'om 220 mai wat 2, daga kan kondansato na farko zuwa shasi. A bolt 450 bai kai wat 1 yake ci ba, kuma a ampili irin naka cikin minti guda zai sauke cajin. Kuɗinsa bai kai na shayi da burodi ba, amma tsofaffin zane da yawa ba su da shi. Kada ka sa ƙaramin mai rabin wat, ba don zafi kaɗai ba, yawancinsu ba a yi su don su jure fiye da bolt 350 ba. Ko da shi a ciki aunawa ba ta faɗi ba, shi ma yana iya ƙonewa ba tare da ya yi sallama ba.

In aiki ya kama sai a kunne za ka auna, ka maƙala wayoyin mita tun ampilin yana kashe, ka janye hannu, sannan ka kunna. In dole ne ka taɓa da tsinke, hannu ɗaya ke shiga, ɗayan yana aljihu. Zoben azurfa da agogo a cire, hannun riga a naɗe, takalmin roba busasshe a ƙafa, kujerar katako. Ba a wannan aikin da tsakar dare ana gyangyaɗi, ba a yinsa kai kaɗai a gida. Wanda ke kusa ya san inda disjonkter mai yanke wutar gida yake, ya san ba a kama wanda wuta ta riƙe da hannu, kashewa ake yi ko a ture shi da busasshen itace. In ba ya numfashi a kira ƴan kwana-kwana a lamba 18, a fara danna tsakiyar ƙirji da ƙarfi, sau 100 zuwa 120 a minti, ba tsayawa. Ɗura madara da binne mutum cikin rairayi wai ƙasa ta zuƙe wutar, ɓata mintocin da ke tsakaninsa da mutuwa ne. Ba wutar da ta rage a jikinsa, zuciyarsa ce ke neman taimako.

Sai maganar yanke ter. Wannan shawarar ta fi ta turnabis haɗari, don ba kai kaɗai za ta ci ba. Tsirkiyoyin gita a haɗe suke da ƙarfen gadarta, gadar a haɗe da wayar gita, wayar a haɗe da shasin ampili. Ranar da taransfo ya lalace a ciki ko wata waya ta kwance ta taɓa shasi, bolt 220 na kan tsirkiyar da ka danne da yatsu huɗu. Ka kai leɓe kan mikro ko ka taka jiƙaƙƙiyar ƙasa, hanya ta cika. Les Harvey, makaɗin gita, haka ya mutu a kan dandamali a Swansea ta Birtaniya a 1972, da ya taɓa mikron da ba a haɗa da ƙasa ba. Keith Relf kuma, mawaƙi ɗan Birtaniya, a gidansa a 1976, yana kaɗa gita. Wayar ter ɗin nan mai kore da rawaya ita ke ba wutar gajeriyar hanya har fuzibil ko disjonkter ya yanke. A ɗaure ta da kusoshinta na kanta a jikin shasi, a kankare fenti, a bar ta ta fi sauran biyun tsawo don in aka fizgi igiya ita ce ta ƙarshen tsinkewa. Gurnani maganinsa daban: a murɗa wayoyin ɗumama fitilu biyu-biyu, a nisanta su da ƙafar shigar sauti, a tattara wayoyin mas, wato masu komawa shasi, wuri guda. In ka ga zane mai kondansato tsakanin wayar wuta da shasi, irin na tsofaffin ampilan Amurka masu fish mai ƙafa biyu, tsallake shi. Zanen da ba shi da taransfon wuta gaba ɗaya kuwa, wanda ke ɗauka kai tsaye daga firiz, ko kyauta aka ba ka kada ka karɓa.

Na san abin da za ka ce, firiz ɗin ɗakinku ma ba shi da ter. Gidaje da yawa haka suke, an ɗauko mai jan waya mafi araha, ya ja biyu ya shafe da siminti, ba wanda ya zo ya duba. Garinmu kuma kan dutse yake zaune, ƙasa a bushe, guntun rodin da aka soka bayan ɗaki ba ter ba ne sai an auna. Ka karanta jikin disjonkter ɗin da ke kusa da kwanter. In ka ga 500 mA, wannan gobara yake tsarewa, ba zuciyarka ba, kuma sai ter ɗin bai wuce om 100 ba yake aikinsa daidai. Ka sa ƙwararre ya kafa sandar ter a wuri mai laima, ya sa maka disjonkter mai 30 mA a layin teburin aikinka, kana danna maɓallin gwajinsa lokaci-lokaci. Ka riƙe wannan dai: shi ɓangaren firiz yake tsaro. Abin da ke bayan taransfo da abin da ke cikin kondansato bai san da su ba, ba zai yanke ba ko kana maƙale.

Sauran a gurguje. Zanen Amurka na bolt 120 ne, mu 220 muke sha, ka tabbata taransfonka ya dace kuma an rubuta 50 Hz a jikinsa. Fuzibil wajen rabin na zanen za ka sa, mai jinkirin ƙonewa, kuma ba a maye gurbinsa da zaren waya ko takardar kwalin taba. Fish ɗinmu ana iya juya shi ta kowane gefe, don haka maɓallin kunnawa ya yanke wayoyi biyun duka. Kondansatocin bolt 450 sun yi maka kaɗan tunda da diyod kake kaiwa 460, nemi na 500 masu jure digiri 105, ka lura da ƙari da ragi don in ka juya fashewa yake. Diyod ɗin ma ka jera biyu-biyu, bolt 1000 na guda ɗaya ya yi kusa da iyaka. Kunnawar farko a yi ta da kwan fitila mai zare na wat 60 a jere da ampilin: ya haska ya dushe, lafiya, ya tsaya da haske, kashe ka nemi inda ka haɗe. Kwan zamani ba ya wannan aikin. Kada ka kunna ampilin fitila ba lasifika a haɗe, taransfon sauti ne zai tafi. Dalma kuma ba a riƙe ta da haƙori, a wanke hannu da sabulu kafin a sa cikin kwano.

In ci gaba ko in bari? Ci gaba, amma ba da wannan ba tukuna. Zubar da cajinsa yadda na faɗa, ka auna, ka rufe shi cikin kwali inda ƙannenka ba sa kaiwa. Fara da ƙaramin ampili marar fitila, mai LM386, kan batir ɗin bolt 9, ya ishe ka koyon kiɗa a ɗaki. Daga nan ka hau TDA2003 kan bolt 12, ka sa masa TL072 a gaba don gita tana son ƙofar shiga mai wajen mega'om 1, in ba haka ba sautin ya dushe. Irin wannan ne ma ya fi dacewa da mu, yana aiki da batir ɗin pano ko wuta ta ɗauke, kana iya ɗaukarsa zuwa wurin biki a bayan gari. A nan za ka koyi liƙa mai tsabta da kashe gurnani, kuskurenka ya tsaya kan ƙona ɗan abin da za ka sake saye. In hannunka ya faɗa, ka kawo mai fitilar shagon wanda ya saba da su, wanda ka ga yana aunawa kafin ya taɓa, ku kunna tare.

Ko a can ɗin akwai tarko biyu. In za ka ciyar da shi da cajar kwamfuta, kada ka buɗe cajar: a cikinta akwai kondansato mai riƙe wajen bolt 310 daga wutar gida, shi ma yana riƙewa bayan an zare. Batir ɗin pano ko na mota kuma ba zai fizge ka ba, amma in wayoyinsa suka haɗu ɗaruruwan amper yake turowa, waya ta yi ja, roba ta kama. Ka sa fuzibil na amper 3 dab da kan batir ɗin, a wayar ƙari, kafin ka ja ta zuwa ampili.